Babi na Bakwai: Bankin da Ba Shi da Alƙali

A kasuwar Tsamiya, inda ƙasar Bagudo ta yi iyaka da Segbana ta Jamhuriyar Benin, ɗan canji ba ya barin ciniki ya kwana. Ka miƙa masa naira, ya ƙirga, ya miƙo maka sefa nan take, kowa ya kama gabansa. In ka ce ya riƙe nairar, za ka dawo da la'asar ka karɓi sefar, wanda ya taɓa zama a zauren karatu zai ce maka, "A'a Alhaji, canji hannu da hannu ne." Ba dokar Abuja ta koya masa haka ba, ba kuma ta Kwatano ba. Hukunci ne na fiƙihu da ke cikin Risala da Muhtasar, littattafan da malaman ƙasar Gwandu suka daɗe suna karantarwa: ba a musayar kuɗi da kuɗi da jinkiri.

Wannan ɗan canjin, da manomin shinkafar Lolo, da mai safarar albasa daga Illo zuwa Malanville, dukkansu suna rayuwa ne a ƙarƙashin dokoki uku a lokaci guda. Akwai fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ke cikin zuciya da bakin kasuwa. Akwai dokar Najeriya, wadda ginshiƙinta na kasuwanci gadon Ingila ne. Da ka tsallaka iyaka kuma sai ka faɗa hannun dokar da ta samo asali daga Faransa. Muddin ciniki na baki ne, da shaidu biyu da dattawan kasuwa, waɗannan dokoki ba sa taka sawun juna. Ranar da banki ya shigo da takardarsa, ran nan suke haɗuwa.

Ba yau aka fara zuba jari a wannan yanki ba. Illo tsohon zango ne a hanyar fataken da ke tasowa daga Kano da Sakkwato su ƙetare Kwara, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga neman goro. Attajirin da ba zai iya tafiyar watanni ba yakan ba falke dukiya ƙiradi: kai da kuɗi, shi da wahala, in an samu riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an yi hasara ba da sakacin falke ba, mai dukiya ya ɗauka. Abin lura shi ne, in rigima ta tashi akwai inda za a je. Alƙalin da zai saurare su ya karanta babin ƙiradi a littafin da su ma suka yi yarjejeniyar a kansa. Ƙulla ciniki da warware shi duk a gida ɗaya suke.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya shelanta mulkin Turawa a Arewa, kuma wannan ranar ce har yau dokokinmu ke ambata: dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila a ranar sun zama namu. Turawa ba su kori alƙalai ba, amma duk wani abu da ya shafi kamfani da banki da takardar lamuni ya koma kotunan da suka kafa. Da aka samu 'yanci aka ci gaba a haka. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar banki cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka ko da Jihar Kebbi ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, hannunta bai kai kan banki ba.

Ƙofar bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ta buɗe ne a dokar bankuna ta 1991, wadda ta ambaci banki mai raba riba da hasara. Dokar nan kuma ta hana banki sa kalmar Musulunci ko Kiristanci ko Alƙur'ani ko Baibul a sunansa sai da izinin gwamnan Babban Banki. Bankin Habib ya buɗe sashe irin wannan a 1999. An kafa kamfanin Jaiz a 2003, jama'a suka sayi hannun jari da ɗoki, sai ga shi a 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga jarin kafa banki zuwa naira biliyan 25, maganar ta kwanta shekaru. Magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ne ya fitar da ƙa'idojin banki marar ruwa a Janairun 2011, ƙura kuwa ta tashi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, ƙarƙashin Ayo Oritsejafor, ta ce ana neman musuluntar da ƙasa ta bayan gida, tana kafa hujja da sashe na 10 na tsarin mulki da ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa. A watan Yuni Babban Banki ya sake fasalin ƙa'idojin: ya ce banki marar ruwa zai iya ginuwa a kan shari'ar Musulunci ko a kan wata ƙa'ida daban, ya hana nuna bambancin addini ga abokin hulɗa, ya cire sunan shari'a daga majalisar malaman da za ta ba shi shawara ya kira ta majalisar ƙwararru. Jaiz ya samu lasisi a Nuwamban 2011, ya fara aiki ranar 6 ga Janairu 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano.

Ana cikin haka ne wani mai suna Godwin Sunday Ogboji ya kai Babban Banki ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. Mai shari'a Gabriel Kolawole ya kori ƙarar, domin mai ƙara bai nuna yadda abin ya cutar da shi ba. Amma a cikin hukuncin ya faɗi ra'ayinsa cewa Babban Banki ba shi da ikon ba da lasisin bankin Musulunci ba tare da Majalisa ta yi doka ba. Lauyoyi sun san irin wannan magana ta gefe ba ta ɗaure kowa. Duk da haka na ga bai kamata mu yi watsi da ita don kawai ba ta yi mana daɗi ba. Ta taɓa wurin da ke ciwo: an gina babban al'amari a kan takardun umarni na Babban Banki, ba a kan cikakkiyar doka ba. Tun daga lokacin TAJBank ya zo a 2019, Lotus a 2021, Alternative Bank a 2023, an kuma sabunta dokar bankuna a 2020, babu wanda ke shakkar halaccin lasisinsu a yau. Tambayar da aka tsallake ita ce wa zai yi hukunci in an saɓa.

A ce wani manomi a fadamar Bagudo ya nemi injin ban ruwa da taki. Ba ya son bashi da ruwa, sai ya je bankin da ba ya karɓar ruwa. Bankin ya ce zai sayi kayan ya sayar masa da ƙarin riba sananniya, ya biya bayan girbi. Wannan shi ne murabaha, kuma da shi bankunan nan suka fi aiki ko'ina a duniya. Sai Kwara ta cika ta batse, kamar yadda ta yi a daminar 2020 lokacin da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi, har da na Bagudo. Manomi ya kasa biya. Ya kuma ce ai bankin bai taɓa mallakar injin ba, kuɗi kawai aka tura wa dila, shi ya je ya ɗauko da kansa, saboda haka ba ciniki aka yi ba, bashi ne da ƙari.

Ga shari'a, wannan magana ce babba, domin in ta tabbata an sayar da abin da ba a mallaka ba, cinikin ya ɓaci. To ina za su? Hankalin manomin zai ba shi kotun shari'ar Musulunci. Amma banki kamfani ne da ya yi rajista a ƙarƙashin dokar tarayya, lauyansa kuma Babbar Kotu ya sani. Sashe na 251 na tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'o'in banki, ya keɓe rigimar da ke tsakanin mutum da bankinsa, kuma a 2004 Kotun Ƙoli ta ce, a shari'ar NDIC da kamfanin Okem, irin wannan rigimar ana iya kai ta can ko Babbar Kotun jiha. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa, inda Babban Ƙadi da manyan alƙalai masana fiƙihu suke zaune, sashe na 277 ya tsaya da ita a kan aure da saki da riƙon yara da wasiyya da kyauta da waƙafi da gado. Babu saye da sayarwa a ciki. Jihohin da suka yi yunƙurin faɗaɗa mata hurumi da dokarsu bayan 2000, kotunan sama sun ce jiha ba ta da wannan ikon. Kamar a ɗaura aure a gaban liman ne, ranar rabuwa a ce sai a gaban wanda bai taɓa jin idda ba.

Ba ina cewa alƙalan Babbar Kotu a Birnin Kebbi jahilan shari'a ba ne. Da yawansu sun karanta ta a Zariya ko Kano ko Sakkwato. Amma sa'a ce in ka faɗa hannun irinsu, doka ba ta wajabta ba. Kotun Ƙoli da kanta, a shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998 wadda ta taso daga Sakkwato a kan shufu'a, wato haƙƙin fifiko wajen saye, ta bakin Mai shari'a Bashir Wali, ta tabbatar cewa shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce, cikakken tsarin doka ne. Magana mai nauyi. Sai dai ba ta samar wa manominmu alƙalin murabaha ba. Alƙalin da ya tarar zai duba takarda: ka sa hannu? An ba ka kaya? Ka biya? In bai biya ba, hukunci ya hau kansa. Ƙa'idojin manyan kotuna kuma sun ba alƙali damar ɗora ruwa a kan kuɗin hukunci har ranar da aka biya, galibi kashi 10 cikin ɗari a shekara. Mutumin da ya guje wa ruwa a ƙofar banki sai ya same shi a ƙofar kotu, bankin da aka haramta wa cin ruwa kuma doka ta buɗe masa hanyar nemansa. Tun daga Agustan 2020 ma, akwai umarnin Babban Banki da ya ba mai bin bashi damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun wanda ake bi a kowane banki. Umarnin Alƙur'ani na a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi ba shi da gurbi a cikin na'urar da ke yin wannan cirewar.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2004 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari shari'ar bankin Shamil na Baharen da kamfanin magunguna na Beximco daga Bangaladash. Yarjejeniyarsu ta murabaha ta ce dokar Ingila za ta yi aiki bisa ƙa'idojin shari'ar Musulunci. Da kamfanin ya kasa biya sai ya ce cinikin ya saɓa wa shari'a. Kotun ta ce yarjejeniya ɗaya ba ta zama ƙarƙashin dokoki biyu, ta yi hukunci da dokar Ingila zalla, ta ce a biya. Lauyoyinmu na karanta hukuncin Ingila da girmamawa, don haka wannan shari'ar na da tasiri a nan. Kuma a gaskiya ba na jin tausayin Beximco. Wanda ya karɓi dukiya ya ci moriyarta, sai ranar biya ya tuna da haram, ba kishin addini ke damunsa ba. Dole duk gyaran da za a yi ya toshe wannan kafar ma, in ba haka ba babu bankin da zai kai jarinsa ƙauye.

Maleshiya ta bi wata hanya. Dokar Babban Bankinta ta 2009 ta ce in tambayar shari'a ta taso a kotu kan harkar kuɗi, alƙali ya duba hukuncin majalisar malaman Babban Banki ko ya tura mata tambayar, amsarta kuma ta ɗaure shi. An ƙalubalanci wannan da cewa an ƙwace wa alƙalai aikinsu, amma a 2019 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mu ma muna da irin wannan majalisa a Babban Banki, wadda ake kira FRACE, kowane banki kuma yana da kwamitin malamansa. Sai dai maganarsu bankuna take ɗaurewa, ba kotu ba.

Akwai masu cewa mafita mai sauƙi ce: a gyara sashe na 277, a miƙa komai ga kotunan shari'a. Ina fahimtar wannan buri, amma ina ganin ba a yi masa dogon nazari ba, kuma dalilina daga cikin fiƙihun kansa yake. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutumin da ya ce wa wani ya saya masa raƙumi da kuɗi hannu don shi kuma ya saye shi daga gare shi da jinkiri, aka tambayi Abdullahi ɗan Umar, ya ƙi abin ya hana. Malaman Malikiyya sun sa irin wannan ciniki cikin waɗanda ake tuhuma, musamman in an ambaci ribar tun kafin a sayo kayan. Wanda ya dubi murabahar banki zai ga kamannin. Malaman zamani da suka halatta ta sun bi ta wata ƙofa: sun ce abokin ciniki alkawari ya yi, ba ciniki ba, sai banki ya mallaki kaya sannan a ƙulla sayarwa. Suka kuma ɗauko wani ra'ayin na Malikiyya, cewa alkawari yana zama dole in ya sa wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da haka a zamanta na Kuwait a 1988, kuma a kan irin waɗannan matsayai da ma'aunan hukumar AAOIFI ta Baharen bankunanmu ke tafiya.

To ka ga alƙalin Bagudo da ya tashi da Tuhfa da Muhtasar, in aka kawo masa wannan takarda, yana iya rushe ta da hujja mai ƙarfi, alƙalin Jega kuma ya tabbatar da irinta da tasa hujjar. A can Babbar Kotu kuma wata matsalar ce: a dokar Ingila alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba ba ya ɗaure mutum, sai an sa shi a takarda mai hatimi ta musamman. Tubalin da aka ɗora murabaha a kansa ke nan yana rawa a gidajen biyu. Ga kuma Kirista ko wanda ba Musulmi ba da ke hulɗa da waɗannan bankuna, suna da yawa, ba za a ja su kotun shari'a ba tare da yardarsu ba, kuma haƙƙinsu ne. Shi ya sa na fi karkata ga hanyar Maleshiya, da sharaɗi guda: majalisar da za a tura wa tambaya ta riƙa wallafa hukuncinta da hujjojinsa, kuma a samu malaman Malikiyya na gaske a cikinta, waɗanda za su iya zama da malaman Gwandu da Sakkwato su kare matsayinsu a ilmance. Manomin da limaminsa ya ce masa abu na da shubuha ba zai natsu da hatimin Abuja ba.

Sauran wuraren da dokokin biyu ke gogayya an ɗan samu sauƙinsu. Banki marar ruwa ba zai ajiye rarar kuɗinsa a takardun lamunin gwamnati masu ruwa ba, sai Babban Banki ya ƙirƙiro masa nasa hanyoyin, sannan sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, ya zo: Jihar Osun a 2013, Gwamnatin Tarayya da naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Haraji ma haka. Kayan da aka saya sau biyu, banki daga dila, manomi daga banki, na iya jawo haraji sau biyu. Ingila ta cire wannan a kan gidaje tun 2003, mu sai a 2022 hukumar haraji ta fitar da ƙa'idojinta. Shirin bashin manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015 ya fara da ruwa kashi 9 cikin ɗari, a jihar da kusan duk manomanta na shinkafa Musulmi ne. Sai a Yulin 2020 Babban Banki ya fitar da tsarinsa marar ruwa. Shekaru kusan biyar mutane na zaɓi tsakanin taki da kwanciyar hankali.

A ƙetaren iyaka lamarin ya ƙara wani rufi. Benin na amfani da sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, Babban Bankinsu na BCEAO yana Dakar, dokar kasuwancinsu kuma ta OHADA ce wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta. Su suna da abin da mu ba mu da shi, wato iyakar ruwan da doka ta yarda a karɓa, wanda a 2014 aka tsayar a kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni. A 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, amma kotun shari'a babu ita sam. In bankin Najeriya ya saya wa ɗan kasuwar Illo kaya a Paraku da niyyar murabaha, tambayar yaushe kayan suka zama mallakar banki dokar OHADA ce za ta amsa ta, halaccin cinikin kuwa a kan amsar ya rataya. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tsakanin ranar alkawari da ranar da kaya suka iso Tsamiya, farashi na iya sauyawa ƙwarai. Bankin ruwa yakan kare kansa da sayen kuɗin waje na gaba tun yau, abin da ɗan canjin kasuwa ya riga ya gaya mana fiƙihu bai yarda da shi ba.

Gyaran tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma duk maganar da ta taɓa shari'a tun taron 1978 da rigima take ƙarewa. Amma akwai abin da ba ya jiran kowa. Takardun yarjejeniyar nan da Turanci ake rubuta su, a yayyafa musu kalmomin Larabci, a miƙa wa mutumin da Hausa ko Fulatanci ko Dandanci yake ji ya dangwala yatsa. A fiƙihu, jahiltar farashi ko wa'adi ko sharaɗi na ɓata ciniki. A dokar Najeriya kuma akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya shaida cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya sa hannu. A nan dokokin biyu bakinsu ɗaya. Babban Banki na da ikon umartar bankunan nan su fitar da yarjejeniyarsu da Hausa, da boko da ajami, a rubuta ƙarara ranar da banki ya mallaki kaya, da abin da zai faru in ambaliya ta ci gona, da inda tarar jinkiri ke tafiya, da alkawarin banki cewa ba zai nemi ruwa a kotu ba, da sunan masu sulhun da ɓangarorin biyu suka yarda su fara zuwa gabansu. Dokar sulhu ta 2023 ta ba masu yarjejeniya damar zaɓar ƙa'idojin da za a yi musu hukunci da su, kuma Babbar Kotu na zartar da abin da masu sulhu suka yanke.